Sikeli da Kason Yaya

Mu uku muka fara zuwa fatsa a bakin kogi, can bayan unguwar Malali, a shekarar da na ajiye aikin gwamnati. Akwai ni, akwai wani Bakano da ke zaune a unguwar Abakpa, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa motar ma'aikatarmu, sai kuma babbanmu, tsohon mai kula da sito, wanda muke kira Yaya. Shi ya koya mana yadda ake soka tana a ƙugiya ba ta mutu ba, da inda tarwaɗa ke laɓewa idan ruwa ya fara ja da baya. Kowace Asabar, da an idar da sallar Asuba, za mu haɗu a gindin wata bishiyar ɓaure, kowa da gorarsa da gwangwanin tanarsa, mu zauna har rana ta take.

Yaya ne ya kawo mana tsarin rabo, kuma daga watanda ya ɗauko shi. Duk abin da muka kama, ko na wa ne, a guga ɗaya ake zubawa. Idan za a tashi sai mutum ɗaya ya kasa shi kashi uku a kan buhu, wani kuma ya juya baya. Mai kasawa ya ɗora hannu a kan kashi ɗaya ya ce, wannan fa? Wanda ya juya baya ya faɗi mai shi ba tare da ya gani ba. Ta haka babu wanda zai ce an zaɓa masa ƙarami. Bakano ne mai kasawa tun farko, don hannunsa ya fi namu sauri, ni kuma mai juya baya. Nakan tsokane shi cewa ba a taɓa jin Bakano ya kasa kaya don Allah ba, shi kuma ya ce ai shi ya sa ake juya wa Bazazzage fuska, don idonsa ya fi cikinsa yunwa. Wasan Kanawa da Zage-zagi ne, mun gaje shi, babu wanda ya taɓa kwana da shi a rai.

Da Allah ya karɓi ran Yaya, muka yi kusan wata biyu ba mu leƙa kogi ba. Ranar da muka koma, da lokacin tashi ya yi, sai na ga Bakano ya shimfiɗa buhu ya fara kasa kifi kashi uku kamar yadda aka saba.  Na juya baya. Ya ce wannan fa, na ce na Yaya. Tun daga ranar kason Yaya bai yanke ba. Bakano ke ɗaure kowane kashi a baƙar leda kafin in juyo, ya miƙo mini tawa, ya rataya biyu a babur ɗinsa. Gidan Yaya yana Abakpa, layi biyu tsakaninsu, don haka shi ke kai wa Hajiya, matar marigayin, wadda ke riƙe da jikoki huɗu. Haka muka yi shekara shida.

Abin ya fara ne daga wata magana da mai ɗakina ta yi tana wanke kifi a bakin famfo. Ta ce, Malam, ko kogin ne ya tsufa tare da ku, kifin nan kullum raguwa yake. Na yi dariya na wuce. Amma a ranar na san mun kama manyan tarwaɗa biyar, don ni na cire uku daga ƙugiya da hannuna, ɗaya ma ta soke ni a yatsa. Da na leƙa robar da take wankewa, tarwaɗa ɗaya na gani, sai karfasa ƙanana. Huɗu ke nan suka tafi Abakpa a babur.

Na ce wa kaina rabo ne, wata rana ni zan samu. Asabar ta gaba na ƙirga abin da ke cikin guga a zuciyata kafin in juya baya, abin da ban taɓa yi ba. Na zo gida na zazzage leda, na ga bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ta gaba ma haka.

Ba kifin ne ya dame ni ba, Allah ya sani. Gidana mu biyu ne sai ɗiyarmu ta ƙarshe, tarwaɗa ɗaya ta ishe mu miya. Abin da ya tsaya mini shi ne, idan hannun da ke kasawa yana rage nawa, me yake yi wa na Hajiya, wadda ba ta wurin, ba ta san abin da aka kama ba, kuma ba za ta taɓa buɗe baki ta tambaya ba? Leda biyu ke tafiya a babur, babu mai ganin abin da ke faruwa tsakanin Malali da Abakpa. Ni kuma da bakina nake cewa na Yaya. In ana tauye haƙƙin marayu, da ni ake yi.

Sai kuma in tuna wane ne nake zargi. Mutumin da ya ɗauki mahaifiyata a bayansa ya sauko da ita daga bene a asibiti. Mutumin da ya shiga kabarin Yaya tare da ni muka kwantar da shi. Na yi karatun allo tun ina ɗan shekara biyar, na san abin da aka ce a kan zato, na kuma san abin da aka ce a kan masu tauye mudu. Gargaɗin biyu suka sa ni a tsakiya. In na yi shiru ina tsoron na biyun, in na bincika na faɗa na farkon. Wata La'asar na tsinci kaina a raka'a ta uku ina lissafin tarwaɗa, har na rasa ko na yi zaman tahiya. Sai da na yi sujadar rafkanwa. Na tashi daga masallaci na zaga layinmu sau biyu ban san abin da na fito nema ba.

Tambayarsa kai tsaye ba ta yiwuwa, don tambayar ita ce zargin. Zuwa wurin Hajiya in ce ta nuna mini ledarta ya fi wannan muni. Ina cikin wannan hali na ga wani mai sayar da kaji a bakin titi yana rataya kaza a wani ɗan abu kamar wayar hannu, lambobi suna fitowa. Na tsaya na daɗe ina kallo. Dama muna da tsohuwar gardama da Bakano a kan wata giwar ruwa da na kama shekarun baya. Ni na ce ta kai kilo goma, shi ya ce a bakin Bazazzage kawai ta kai. Ga dalili a shirye. Zan sayi sikeli saboda gardama, in ya so wata rana, cikin wasa, a rataya ledoji.

Na zauna na rubuta abin da nake so a bayan wani tsohon ambulan, da ajami, don har yau in zan yi magana da kaina da shi nake yi, boko na ofis ne. Ya zama mai ƙugiya, wanda ake ratayawa. Ya iya ɗaukar babban kifi. Lambobinsa su zama manya saboda idona. Batirinsa ya zama irin wanda ake samu a kowane shago. Na ƙarshe kuma, na rubuta shi ƙanana a gefe: ya nuna bambanci komai ƙanƙantarsa.

Zuwana na farko Babbar Kasuwa ban sayi komai ba. Na shiga layin masu kayan lantarki, na tsaya a shago uku, duk inda aka tambaye ni me nake nema sai in ji kamar an kama ni da abin wani. Na sayi igiyar guga na koma gida. Bayan kwana biyu na sake komawa, na tsaya wurin wani dattijo mai furfura a gemu, wanda shagonsa ya cika da agogon bango da tocila da sikeli iri-iri. Na ciro ambulan ina dubawa. Ya leƙo ya ce ko laya na kawo a karanta masa. Na ce jerin bukatu ne. Ya karɓa ya karanta tsaf, ashe shi ma ɗan allo ne, ya ce rabon da ya ga irin wannan hannu tun rasuwar mahaifinsa.

Ya fara ciro mini mai faranti, irin na masu sayar da gari. Na ce kifi mai rai ba zai kwanta a faranti ba. Ya nuna mini na tsayawa, wanda mutum ke hawa, ya ce wasu suna hawa da kaya a hannu su sauka su cire nauyinsu. Na ce a bakin kogi babu ƙasa mai daidai. Sai ya jero masu ƙugiya guda uku a kan teburi. Ya aika aka ara masa ƙullin sukari na kamfani daga maƙwabcinsa, mai kilo ɗaya cif, ya ce kada in yarda da bakinsa, in yarda da sukari.

Na farko, mafi araha, lambobinsa ba su tsaya ba, suna hawa suna sauka ko da hannunsa bai motsa ba. Na biyu ya tsaya, amma ya rage kaɗan, kuma da aka sauke sukarin aka sake ratayawa sai ya faɗi wani abu dabam. Na uku, baƙi mai marikin ƙarfe, sau uku ana ratayawa yana faɗin kilo ɗaya. Dattijon ya nuna mini maɓallin da ke mayar da shi sifiri bayan an rataya leda babu komai, don kada nauyin leda ya shiga na kifi. Ya nuna mini wani da ke riƙe lamba ta tsaya ko kifi yana fizge-fizge. Ya ce yana ɗaukar har kilo hamsin, amma ba ya son ruwa, in riƙa sa shi a leda, in kuma cire batir idan zai daɗe a ajiye.

Na tambaye shi mene ne mafi ƙanƙantar bambancin da yake iya gani. Ya ce giram goma. Na ce babu wanda ya fi haka? Ya ajiye sikelin ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, mai neman nauyin giwar ruwa ba ruwansa da giram goma. Kifi za ka auna, ko da wani kake?"

Na ce kifi ne. Ya ce to Allah ya sa haka, ya naɗe mini. Ban ma yi cinikin kirki ba. Na fito kasuwa da shi a aljihun gaba, ina jin sa a ƙirjina har gida.

Asabar ta farko da na kai shi kogi, Bakano ya fi ni murna. Ya karɓa ya juya shi, ya ce yau ƙaryar Zazzau ta ƙare. Duk kifin da ya fito sai ya rataya shi, har ƙurungu ɗan mitsitsi. Ya rataya takalminsa, ya rataya butar alwala. Babbar tarwaɗar ranar, wadda na rantse ta kai kilo uku, ba ta cika biyu ba, ya yi ta dariya har da tari, yana cewa in haka ne giwar ruwan nan tawa ta shekarun baya kilo huɗu ce da ladabi. Da lokacin rabo ya yi, na juya baya, na faɗi abin da na saba faɗa, na karɓi ledata. Sikelin yana aljihuna, hannuna yana kansa, na kasa ciro shi. Asabar ta biyu ma haka. Na koma gida na auna tawa ledar ni kaɗai a bayan ɗaki, kamar mai sata, alhali ita kaɗai ba za ta gaya mini komai ba.

A ta uku ruwa ya ja baya sosai, duwatsu sun fito, kifi ya ci koto. Muka samu tarwaɗa shida da ragon ruwa ɗaya, ban da ƙanana. Ya kasa, na kira, ya ɗaure. Yana ɗaukar ledoji biyu zai nufi babur na ce, cikin muryar da na yi kwana ashirin ina gyarawa don ta yi kama da wasa, ya kawo mu ga adalcin Kanawa.

Ya tsaya. Ya ce rana ta yi, Hajiya tana jira. Na ce ai minti ɗaya ne. Ya ce batirin zai ƙare a banza. A nan na ɗauka na samu amsata. Na miƙa hannu, ya daɗe yana kallona, sannan ya sakar mini su.

Na fara da tawa, kilo biyu da ɗan ɗori. Na ɗauki wadda ya ƙulla wa bakinta ƙulli biyu, alamar ta Yaya, na rataya. Hannuna ya yi ƙasa. Ta haura kilo biyar. Na ɗauka sikelin ne ya rikice, na kashe na kunna, na sake ratayawa, bai canja ba. Ta ƙarshe, tasa, ba sai an rataya ba, da ɗagawa na ji. Na kwance bakinta. Ƙurungu ne da karfasa, babu tarwaɗa ko ɗaya.

Na tsaya da leda a hannu. Can na ce, amma ai ni nake kira, ban gani ba, yaya aka yi kullum babban yake faɗa mata?

"Shekara shida kana juya baya, ka taɓa fara kiran wani kafin Yaya?"

Ban taɓa ba. Shi ne babba, kuma ya riga mu gidan gaskiya, bakina ba ya iya sa kowa a gabansa. Bakano ya gane haka tun ranar farko. Sai ya riƙa tara manyan a kashi ɗaya ya fara ɗora hannu a kansa, na biyu in ce nawa, na uku ya kwashi abin da ya rage.

Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi ledojin yana ɗaurewa, ya ce ya ci nawa kaɗan ba da izinina ba, wannan in yafe masa, ya ɗauka ba zan ƙi shiga ladan ba. Ya ce amma abu ɗaya ne yake da shi tsakaninsa da Ubangijinsa wanda ko matarsa ba ta sani ba, don ita ta ɗauka bai iya fatsa ba ne, ga shi na rataya shi a ƙugiya na karanta. Ya hau babur, ya tayar, sannan ya juyo.

"Ba don giwar ruwa ka saye shi ba, ko?"

Na mayar da sikelin aljihu. Ya gyaɗa kai ya tafi.

Asabar ta gaba na je gindin ɓaure na zauna ni kaɗai. Ban ko soka tana ba. Duk babur da ya wuce a hanyar sama sai in miƙe. Da hantsi ya yi na naɗe gora na shiga Keke zuwa Abakpa. Na same shi a ƙofar gida yana wanke babur. Muka gaisa kamar baƙi, ya shimfiɗa mini tabarma. Na yi niyyar in kewaya, in ce tsautsayi ne, amma na ga in na yi haka na ƙara ƙarya a kan zato. Na gaya masa komai, tun daga maganar bakin famfo, da tarwaɗa biyar, da sujadar rafkanwa, da abin da na rubuta ƙanana a gefen ambulan. Na ce na zarge shi da cin haƙƙin marayun Yaya, na roƙe shi gafara don Allah.

Ya daɗe yana matse tsumma. Ya ce ya yafe, amma kada in ɗauka ya manta, shi ba waliyyi ba ne, direba ne. Ya ce kuma ba zai sake kasawa ba. Na ce to a daina rabon ke nan? Ya ce wa ya ce a daina, jikokin Yaya sun saba da miyar kifi ranar Asabar. Tun da ni ne mai sikeli, ni zan kasa, shi ya juya baya.

Haka aka yi. Ranar da na fara, mun kama tarwaɗa huɗu masu kyau. Na durƙusa a gaban buhu, Bakano ya ba ni baya yana fuskantar kogi. Sikelin yana cikin jaka, na san ba shi da aiki a nan, don in na raba daidai Hajiya za ta ga ledarta ta ragu da rabi, ta rasa dalili. Na sa tarwaɗa biyu a kashi na farko ba wahala. Na ɗauki ta uku, wadda ni na kama, na yi kusan rabin sa'a ina fama da ita kafin ta fito. Na tuna na yi wa mai ɗakina alkawarin farfesu. Na riƙe ta a sama, tana motsi, hannuna ya ƙi sauka ko ta wane ɓangare. Shekara shida yana yin wannan kowane mako, yana ba ni labarin siyasa a lokacin da yake yi.

"Na ji shiru, Bazazzage," in ji shi, bai juyo ba. "Hannun ya maƙale ne?"

Na ajiye ta a kashi na farko, na sa ta huɗun a kashi na biyu. Na ɗora hannu a kan na farko na ce, wannan fa?

Ya ce na Yaya.

Na ɗora a kan na biyu. Ya ce wannan na Bakano ne, ai an daɗe ana cutarsa. Na ɗaure masa, na kwashi ƙurungu na kai gida. Mai ɗakina ta zazzage leda ta dube ni, ta ce kogin nan dai ya gama tsufa.